Babi na Uku: Lambu Tsakanin Sanyi Biyu

Manomin ƙasar Hausa tun kaka da kakanni idonsa a sama yake, domin ruwa shi ne iyakar nomansa: in hadari ya haɗo ya zubar a ɗauki sungumi, in ya ɗauke a rataye fartanya, sai fa wanda Allah ya hore wa fadama ko bakin rafi. Amma a ƙasashen da ke can ƙuryar arewacin duniya, inda ƙasa kan kwana ta tashi a daskare har wata biyar, abin da ke yanke wa mai lambu hukunci shi ne ɗumi, kuma dukiyarsa duka ba ta wuce adadin kwanakin da ke tsakanin daren ƙarshe da raɓa ta daskare a bazara da daren farko da za ta sake daskarewa a kaka ba. Wanda ya san adadin nan, ya kuma gina aikinsa a kansa, zai ci tumatir da dankali daga bayan ɗakinsa ko da yana zaune inda numfashi ke zama ƙanƙara a gemu. Wanda kuwa ya jahilce shi, ko da ƙasarsa ta fi ta kowa albarka, wahala kaɗai zai girba.

Don kada magana ta yi ta yawo ba matsaya, bari mu ɗauki gari guda mu auna kome da shi, watau Winifeg, babban birnin lardin Manitoba a ƙasar Kanada. Garin nan yana kusa da digiri 50 arewa da tsakiyar duniya, alhali Kano tana kan 12. A watan Janairu matsakaicin sanyinsa wajen digiri 16 ne ƙasa da sifiri, wasu darare ya wuce 30, an kuwa taɓa rubuta 47.8 a watan Disamba na 1879. Daskarewar ƙarshe takan faɗo bisa galibi a mako na huɗu na watan Mayu, ta farko kuma wajen mako na uku na Satumba, saboda haka abin da ya rage wa mai lambu wajen kwana 120 ne, wata shekara ya ɗara kaɗan, wata ya gaza. Sai dai Ubangiji da ya taƙaita musu kwanakin ya tsawaita musu yinin, domin a ƙarshen Yuni rana takan yi sa'a 16 da 'yan mintoci ba ta faɗi ba, ga shi kuwa yini mafi tsawo a Kano bai cika sa'a 13 ba. Wannan yalwar haske ita ce ke sa tsiro ya yi saurin girma, kuma ita ce ta sa a garin Palmer na Alaska, inda yinin ya fi na Winifeg ma tsawo, wani manomi mai suna Scott Robb ya kai kasuwar baje koli kan kabeji guda mai nauyin fiye da kilo 62 a shekarar 2012.

Noma a wannan yanki ba baƙon abu ba ne. Masu tonon kayan tarihi sun sami shaidar cewa mutanen ƙasar na asali suna noman masara a Lockport, arewa da Winifeg, tun wajen shekarar 1400, da fartanyar da suka sassaƙa daga ƙashin kafaɗar ɓauna. Daga 1874 'yan ɗariƙar Menonait suka fara isowa daga daular Rasha, daga 1891 kuma mutanen Yukiren, dukkansu da ƙullin iri a cikin kaya, na kabeji da tafarnuwa da kokwamba, da kuma ilmin ajiye abinci a ramin ƙarƙashin ƙasa, wanda har yau jikokinsu ke amfani da shi. Labarin alkama kuwa ya isa izina ga mai hankali, domin irin da manoman farko suka dogara da shi, wanda ake kira Red Fife, sau da yawa sanyin kaka yakan riske shi bai ƙosa ba, har sai da Charles Saunders ya tace wani iri mai suna Marquis, aka raba wa manoma a 1909, wanda fifikonsa shi ne yana rigan wancan nuna da kamar mako guda. Mako gudan nan kuwa shi ya shimfiɗa alkama a filayen yammacin Kanada kaf.

Wuri da ƙasa

Abu na farko da mai niyyar lambu zai yi shi ne ya tsaya a bayan gidansa ya lura da tafiyar rana, domin a can ba ta taɓa tsayawa tsakar ka ba, kullum ta kudu take karkata, saboda haka gindin bangon da ke fuskantar kudu shi ne wuri mafi daraja a gidan: yana shan rana yini guda, ya riƙe ɗumin, ya riƙa sakinsa da dare, ya kuma kare iskar arewa. Nan ne mazaunin tumatir da tattasai da duk wani mai son zafi. Kayan lambu masu 'ya'ya suna bukatar rana ta sa'a shida zuwa takwas aƙalla, ganyaye irin su latas kuwa sukan haƙura da abin da bai kai haka ba. A guji kwari da gindin gangare, saboda iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, takan gangaro da dare ta taru a wuri mafi zurfi, har ka ga ƙasan lambu ya ƙone da sanyi alhali samansa, taku ashirin kacal tsakaninsu, ko ganye bai lanƙwasa ba.

Ƙasar kwarin Jan Kogi, wadda Winifeg ke zaune a kanta, gindin wani tsohon tafki ne mai girman gaske da ya wanzu bayan narkewar ƙanƙarar zamanin da, shi ya sa take baƙar laka mai ƙarfi, mai albarka, amma mai danƙo da jinkirin ɗumama. Ladabinta na farko shi ne kada a taɓa ta da shebur tana jiƙe. Ka ɗebo cikin tafi ka dunƙule, sa'an nan ka latsa da yatsa: in ta wargaje, ta isa aiki; in ta tsaya a dunƙule tana ƙyalli, ka koma ɗaki ka ba ta kwanaki, domin wanda ya juya ta a haka zai shekara yana faɗa da hoge. Kada kuma a ce za a sassauta ta da ɗan yashi, ai magina sun san abin da laka da yashi ke haifarwa in sun haɗu sun bushe. Maganinta ruɓaɓɓen ganye ne da tsohon takin dabbobi wanda ya shekara, a shimfiɗa kaurin yatsu biyu ko uku a kanta kowace kaka. Toka kuwa, wadda take da amfani a ƙasa mai tsami, a yi hattara da ita a nan, saboda ƙasar da ma tana da farar ƙasa a jikinta, ƙari sai ya hana saiwa shan wasu sinadarai.

Mai lambun rani a Kura ko Jibiya yakan nutsar da fangalinsa don ya riƙe ruwa, amma a ƙasar sanyi akasin haka ake yi: a ɗaga shi sama kamu ɗaya ko fiye, a kewaye da katako, faɗinsa kada ya wuce yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da an taka ba. Hikimar ita ce ruwan narkewar ƙanƙara ya tsiyaye da wuri, rana ta bugi gefunan, ƙasar ta riga ta fili ɗumama da mako guda ko biyu. Wanda kuma ya lulluɓe ta da baƙar leda kwana goma kafin dashe ya ƙara wa kansa riba.

Zaɓen iri

A bayan kowace takardar iri akan rubuta adadin kwanakin da zai yi kafin ya nuna, kuma wannan lamba ta fi hoton da ke gaban takardar muhimmanci nesa ba kusa ba. Sai dai a fahimci yadda ake ƙirga ta: abin da ake shukawa kai tsaye, kamar wake da karas, daga ranar shuka ake ƙidaya, abin da ake dasawa, kamar tumatir da tattasai, daga ranar dashe ne, ban da makonnin da ya yi ana renonsa. Ga mai kwana 120, tumatir mai kwana 55 zuwa 70 shi ne abin dogaro, domin dararen Agusta sukan fara sanyi, nuna ta yi nawa. Tashar binciken gona ta Morden, wadda aka kafa a kudancin lardin a 1915, ta shafe shekaru masu yawa a baya tana tace irin itatuwa da furanni da kayan lambu masu jure wannan yanayi, kuma irin da aka tace a yankin kullum ya fi wanda aka yi wa ƙasashe masu dogon zafi dacewa.

Akwai wani sirri kuma da kan ruɗi wanda ya zo da iri daga gida, shi ne cewa wasu tsirrai da tsawon yini suke gane lokaci. Albasa ita ce babban misali. Irin na Galmi da na Aliero, da ma dukkan albasar ƙasashe masu zafi, takan fara ƙunsa kai da zarar yini ya kai sa'a 11 ko 12. In aka dasa ta a Manitoba a watan Mayu, lokacin da yini ya riga ya haura sa'a 15, sai ta ɗauka lokaci ya ƙure, ta ƙunsa kai tun tana da ganye uku ko huɗu, a tono abin da bai fi goro ba. Albasar da ta dace da can ita ce mai jiran yinin sa'a 14 zuwa 16, wadda za ta yi ganye sosai tukuna. Yakuwa da rama kuwa nasu ya saɓa: ba sa fure sai yini ya gajarta, yinin kuma ba ya gajarta yadda suke so sai ƙarshen Satumba, sa'ad da sanyi ya riga ya iso bakin ƙofa. Saboda haka wanda ya shuka yakuwa don ganyen miya zai samu har ya ba maƙwabta, amma mai jiran zoɓo, in ba ɗakin gilashi gare shi ba, zai daɗe bai jiƙa ba. Alayyafo shi ne mai sauƙin hali, domin in ƙasa ta ɗumama a Yuni, cikin kwana 30 zuwa 40 an fara yanka. Kuɓewa tana yiwuwa, amma da lallashi: a rene ta a ɗaki, a dasa a gindin bangon kudu, kada a fitar da ita sai zafin ƙasa ya kai wajen digiri 20.

Abin da ƙasar ke bayarwa hannu sake kuwa shi ne kayan da mu a nan sai da hunturu ko a tsaunukan Jos suke yi mana kyau: dankalin Turawa, kabeji, karas, latas, fis, lansir. Waɗannan su ya kamata sabon shiga ya cika lambunsa da su a shekarar farko, ya bar wa masu son zafi kusurwa guda ta gwaji.

Aron kwanaki daga gaba

Tun da kwanakin waje ba su isa ba, sai a ranto wasu daga cikin ɗaki, kuma lissafin da baya-baya ake yinsa, daga ranar daskarewar ƙarshe. Attarugu, wanda ya fi kowa nawa, yana son mako goma zuwa goma sha biyu, watau a zuba shi a farkon Maris, tare da albasa. Tattasai mako takwas zuwa goma. Tumatir shida zuwa takwas, watau farkon Afrilu. Kabeji biyar ko shida. Kabewa da kokwamba uku ko huɗu kacal, don ba sa son a dami saiwarsu. Zumuɗi a nan hasara ne, domin tumatirin da aka zuba a Fabrairu zai yi tsawo ya rame, ya gaji da gwangwaninsa tun ƙanƙara ba ta bar tsakar gida ba.

Irin yana son ɗumin digiri 21 zuwa 27 kafin ya tsira, da ƙasar reno mai laushi wadda ake sayarwa a buhu, domin lakar lambu takan daskare masa a ka ta kuma zo da cuta. Da zarar ya ɓullo, bukatarsa ta koma haske, kuma hasken taga shi kaɗai sau da yawa ba ya ƙosarwa. A rataya masa fitilar lantarki kusa da kansa, tazarar yatsu huɗu, ta yi sa'a 14 zuwa 16 a kunne, ana ɗaga ta yayin da yake girma. Ruwa kuwa kaɗan-kaɗan, sai saman ƙasar ya sha iska a ƙara, saboda yawan laima shi ke kawo ciwon nan da kan sa ka wayi gari ka tarar da tsirrai sun zube daga wuya.

Tsiron da ya tashi a ɗaki bai san iska ba, bai san zafin rana ba, in aka fitar da shi farat ɗaya ganyensa zai yi fari ya ƙone. Sai a bi shi da tadriji na kwana bakwai zuwa goma: ranar farko sa'a ɗaya ko biyu a inuwa, inda iska ba ta bugu, kashegari a ƙara, a riƙa matsar da shi rana sannu a hankali, ana mayar da shi ɗaki da dare, har ya kai ga kwana a waje. Al'adar mutanen Kanada ita ce su yi dashe a hutun tunawa da Sarauniya Biktoriya, wanda ke faɗowa ranar Litinin ɗin da ta gabaci 25 ga Mayu, amma dattawan filayen yamma da yawa ba sa fitar da tumatir sai makon farko na Yuni, sa'ad da dare ya daina sauka ƙasa da digiri 10, kuma sau da yawa nasu kan kamo na masu gaggawa ya wuce. Masu jure sanyi kuwa ba sa jiran wannan rana: fis da latas da karas da albasa ana iya sa su tun ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu in ƙasa ta yarda, dankali a tsakiyar Mayu, wake da masara sai ƙarshensa.

Tsakiyar zafi

Daga tsakiyar Yuni zuwa Agusta aikin ya zama sananne: ban ruwa, cire ciyawa, tsaron ƙwari. Abin da lambu ke so wajen milimita 25 ne na ruwa a mako, haɗe da na sama, kuma shayarwa guda mai zurfi da sassafe, a gindi, ta fi yayyafi bakwai a ganye. Lulluɓe ƙasa da ciyawa ko tattaka yana da kyau, amma a jinkirta shi zuwa ƙarshen Yuni, domin wanda ya yi shi da wuri ya kulle sanyi ne a ƙarƙashi. Dankali a yi masa huɗa sau biyu don kada rana ta taɓa 'ya'yan su yi kore, koren nan kuwa dafi ne. Maƙiya uku ne suka fi shahara: tsutsar da ke fitowa da dare ta yanke dashe daga gindi, wadda ake karewa da zoben kwali a nitsa shi ɗan kaɗan cikin ƙasa, ƙananan baƙaƙen ƙwari masu tsalle da ke huda ganyen kabeji, waɗanda farin mayafi marar nauyi ke tsarewa, da buzuzun dankali mai zanen rawaya da baƙi, wanda a ƙaramin lambu tsince shi da hannu da murje ƙwansa a bayan ganye ya wadatar. Zomaye da bareyi kuwa sai shinge.

Aron kwanaki daga baya

Daga ƙarshen Agusta a tsinke kan tumatir da sabbin furanninsa, don ƙarfinsa ya koma ga 'ya'yan da suka riga suka ƙulla. Daga nan sai a sa kunne ga masu hasashen yanayi, a kuma san alamar da kai: daren da sama ta washe tas, taurari suka fito rangaɗau, iska ta kwanta, shi ne daren hatsari, saboda babu girgijen da zai tare ɗumin da ƙasa ke fitarwa. A irin wannan yammaci a shayar da lambu, don jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya riƙe ɗumi, a rufe tsirrai da tsofaffin zannuwa ko barguna har ƙasa tun rana ba ta faɗi ba, a yaye da hantsi. In leda ce kada ta taɓa ganye. Sau da yawa bayan dare ɗaya ko biyu na daskarewa sai a sami mako biyu ko uku na ɗumi, wanda ya rufe ya ci moriyarsu, wanda ya yi barci ya rasa. In sanyin ya zo da gaske, a tsinke koren tumatir a jera a kwali a ɗaki, a sa tuffa ko ayaba a ciki, domin iskar da suke fitarwa tana gaggauta nuna. Karas da kabeji kuwa ba a gaggauta musu, sanyi kaɗan zaƙi yake ƙara musu, saboda sukan tara sukari a jikinsu don kare kai daga daskarewa.

Ajiya ma tana da ƙa'ida. Karas yana son sanyin da ya kusa sifiri da laima, shi ya sa ake binne shi cikin danshin yashi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa; dankali yana son duhu da digiri 4 zuwa 7; albasa da tafarnuwa sai an shanya su mako biyu ko uku wuyansu ya bushe, a rataye inda babu laima. Alayyafo da yakuwa a tsoma su a tafasasshen ruwa minti biyu a daskarar a firji, ko a shanya yadda aka saba. Shuka ta ƙarshe a shekara ita ce tafarnuwa: a farkon Oktoba a binne ɓare-ɓare, zurfin yatsu huɗu ko biyar, a rufe da tattaka mai kauri, ta yi saiwa kafin ƙasa ta kulle, ta kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara, wadda ita kanta kariya ce daga tsananin sanyi, a tone ta a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta.

Duk ranakun da aka ambata a wannan babi matsakaita ne, an samo su daga haɗa shekaru masu yawa, kuma shekarar da kake ciki ba ta yi alkawarin bin su ba; haka nan wanda ke Edmonton ko Helsinki ko Mosko sai ya nemi nasa adadin daga ma'aikatar yanayi ta wurinsa, ya sake lissafin bisa wannan tsari. Malamanmu da suka riƙe lissafin taurarin damina sun san cewa watan sama ba ya tafiya da noma, shi ya sa suka ƙirga da shekarar rana, kuma mai lambun ƙasar sanyi ya fi kowa bukatar wannan ɗabi'a. Ya tanadi ɗan littafi, ya riƙa rubuta ranar da raɓa ta daskare a lambunsa shi kansa, da ranar da ya zuba kowane iri, da sunan irin, da ranar da ya fara ci. Ya kuma tambayi tsohuwar da ke maƙwabtaka da shi yaushe take fitar da nata tumatir, domin tambaya rabin ilmi ce. Riƙon sababi bai taɓa kore tawakkali ba, kuma bayan shekara uku ko huɗu littafin nan zai fi kowane littafin da aka buga sanin bayan ɗakinsa. A babi na gaba za mu duba yadda ake gina ɗan akwatin gilashi da rumfar leda, da abin da kowannensu ke ci na kuɗi da na aiki.